Manhajar da ke Duba Hatiminta: Kariya ce ko Ruɗin Kai?

A Limawa, kamar sauran unguwannin Dutse, ba kowace manhaja ce ke shiga waya ta Play Store ba. Da yawa daga hannu zuwa hannu suke tafiya. Wanda ya sayi sabuwar Tecno ko Itel yakan miƙa ta ga mai caji ko mai gyaran waya ya ce a zuba masa kaya. Wani kuma ya zauna kusa da abokinsa a majalisa bayan la'asar, a kunna Xender, cikin 'yan mintoci WhatsApp da Facebook da manhajar Alƙur'ani da ta banki sun ƙaura daga wannan waya zuwa waccan, ba a ƙona data ko ta sisin kwabo ba. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, babu mai ganin laifin wannan dabara.

Sai dai fayil ɗin da ya bi ta hannu biyar ko goma kafin ya iso, wa zai rantse cewa shi ne wanda masu shi suka fitar? Wannan tambaya tana kan mai waya, tana kuma kan mai rubuta manhaja. Jigawa ba baƙuwar harkar kwamfuta ba ce. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Matashin da ya fito daga irin waɗannan wurare ya zauna rubuta manhajar adashe, ko ta rajistar makaranta, ko ta lissafin mai POS, zai iso wata mararraba da masana suka daɗe suna sa-in-sa a kanta: shin ya sa manhajarsa ta riƙa duba hatimin da aka buga mata, ta ƙi aiki in ta ga an canza shi? Wasu sun ce wajibi ne. Wasu sun ce ɓata lokaci ne, har ma da haɗari.

Yadda hatimin yake

Android ba ta karɓar manhajar da ba a buga wa hatimi ba. Mai manhaja yana da mabuɗin sirri, wata doguwar lamba da yake ɓoyewa, da ita yake rufe fayil ɗin APK bayan ya kammala aiki. Mabuɗin ba ya shiga cikin fayil ɗin. Abin da ke shiga takardar shaida ce mai ɗauke da ɗan'uwan mabuɗin na fili, wanda kowa zai iya tabbatar da hatimin da shi, amma ba mai iya buga sabon hatimi da shi. Aka taɓa harafi ɗaya a cikin fayil ɗin, lissafi ya wargaje, waya ta ƙi karɓa. Saboda haka duk wanda ya buɗe manhajar wani ya yi mata ƙari ko ragi, dole ya goge hatimin asali ya buga nasa.

Ga inda gizo ke saƙar. Android ba ta tambayar hatimin na wane ne. Babu hukumar da ke ba da wannan takarda, kowa shi ke rubuta wa kansa, ya sa sunan da ya ga dama. Lokacin sabuntawa ne kawai waya ke tsayawa ta gwada: in akwai manhaja mai wannan suna a kanta, dole sabuwar ta zo da hatimi irin na tsohuwar. Shi ya sa masu gyaran waya suka saba da saƙon nan mai cewa manhaja ta ƙi sakuwa har sai an cire tsohuwar. Mutane kan ɗauka waya ce ta cika. Sau da yawa kuwa wayar na faɗa ne cewa hannun da ya rufe wannan fayil ba shi ne ya rufe na farko ba. In sabuwar waya ce fil, babu tsohuwar da za a gwada da ita, to ban da binciken Play Protect mai farautar miyagun manhajoji, jabu da ta gaske duk ɗaya ne a wurinta.

Wannan giɓi ne masu rubuta manhaja ke son cikewa. Manhaja tana iya tambayar wani sashe na Android mai suna PackageManager ya nuna mata takardar shaidar da aka saka ta da ita. A da, da umarnin GET_SIGNATURES ake yi. Daga Android 9, wadda ta fito a 2018, aka kawo GET_SIGNING_CERTIFICATES, domin daga lokacin an ba masu manhaja damar sauya mabuɗi su ajiye tarihin na baya. Manhajar sai ta matse takardar da lissafin SHA-256, ya fitar da jerin alamomi 64 na lambobi da haruffa, waɗanda ake kira zanen yatsan takardar. Ta gwada su da waɗanda mai ita ya rubuta a cikinta tun farko. In sun dace, bismillah. In sun saɓa, wani ya taɓa ta. Duka aikin bai wuce 'yan layuka ba.

Akwai amfanin wannan takarda da babu mai jayayya a kansa. Duk wanda ya taɓa lura da wasu haruffa goma sha ɗaya marasa ma'ana a ƙarshen saƙon lambar sirri da wata manhaja ta turo masa, ya ga aikin hatimi da idonsa. Daga sunan manhajar da takardar shaidarta ake lissafo su, da su ne kuma waya ke gane manhajar da za ta miƙa wa saƙon ba tare da an ba ta izinin karanta dukan saƙonnin mutum ba. Haka nan mai son haɗa manhajarsa da taswirar Google ko ƙofar shiga ta Facebook sai ya kai musu zanen yatsan takardarsa. Rigimar tana farawa ne a lokacin da aka ce wannan dubawa ita ce mai gadin ƙofa.

Hujjar masu cewa a duba

Hujjarsu ta farko ita ce jabun manhaja ba labarin ƙasashen waje ba ne. Wani binciken kamfanin Caribou Data da aka wallafa a 2020, wanda ya duba wayoyi a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa ana buɗe GBWhatsApp fiye da yadda ake buɗe Facebook kanta. GBWhatsApp kuwa WhatsApp ce da wasu suka buɗe, suka ƙara mata abubuwa, suka rufe da hatiminsu. A Agustan 2021 kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar nan Triada a cikin wata 'yar'uwarta mai suna FMWhatsApp, tana iya karanta saƙonni ta kuma yi wa mai waya rajistar ayyukan biya bai sani ba. A Oktoban 2022 kamfanin Meta ya kai wasu kamfanoni uku na Sin da Hong Kong da Taiwan kotu a Amurka, yana zarginsu da sace asusun WhatsApp sama da miliyan ɗaya ta irin waɗannan manhajoji.

Wannan fa a manhajar hira ke nan. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin kuɗi, jarin mai dabino a Dutse da na mai hatsi a kasuwar Shuwarin ya koma cikin waya. OPay da PalmPay da Moniepoint sun zama sunaye na yau da kullum. In aka buɗe manhajar kuɗi aka dasa mata abin da ke kwafe lambar sirri yayin da ake latsa ta, mai ita ba zai ga wani bambanci a fuskar waya ba. Masu wannan ra'ayi na ganin sakaci ne manhaja ta iya gane an taɓa ta amma ta yi shiru.

Hujja ta biyu ta shafi halin ɓarayin. Akasarinsu ba ƙwararru ba ne masu zama kan manhaja ɗaya na tsawon mako. Suna ɗaukar manhajoji da yawa ne su bi da su ta na'ura guda, a cusa talla ko muguwar lamba, a rufe, a watsa a Telegram da shafukan sauke kaya. Wadda ta yi gardama sai a bar ta a wuce gaba. Ko da dubawar ba ta hana ƙwararre ba, ta rage yawan masu iyawa, kuma ba ta ci wa mai manhaja komai ba. Da babu gara ba daɗi, in ji su.

Ta uku, dubawar ba ta bukatar intanet. Akwai manhajojin da aka gina don su yi aiki a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa: littafin adashe, rajistar ɗalibai, jadawalin awon magani na ma'aikacin lafiya, nassin Alƙur'ani da tafsiri. Irin waɗannan ba su da wata babbar kwamfuta a bayansu da za ta sa musu ido. In wani ya sauya awon magani ko ya taɓa nassi ya watsa da sunan mai manhajar, ba wanda zai ankarar da mai karatu in ba ita kanta manhajar ba.

Ta huɗu ita ce ta fi dacewa da wuri irin Limawa. Wasu masu manhaja kan sa ta duba ta ina aka saka ta, in ba ta Play Store ba ne ta ƙi buɗewa. Wannan hukunta talaka ne kan rashin kuɗin data. Duban hatimi ya fi adalci, domin fayil na gaske ko ya bi ta waya ɗari ta Xender, hatiminsa na nan daram muddin ba a taɓa cikinsa ba. Tambayar da yake yi ita ce ko an canza kaya, bai damu da hanyar da suka biyo ba. Google ma ta san da wannan al'ada, shi ya sa a 2018 ta sanar da tsarin da zai sa Play Store ta riƙa gane manhajojinta da aka tura daga waya zuwa waya ta SHAREit da Xender.

Hujjar masu cewa ruɗin kai ne

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan haɗura. Abin da yake musu shi ne maganin. Hujjarsa mafi ƙarfi a fili take: wanda ya iya buɗe manhaja ya dasa mata muguwar lamba, ya iya cire layukan da ke duba hatimi, tunda a cikin fayil ɗaya suke. Tamkar a tsayar da baƙo a ƙofar gida ne a ce ya karanta katin shaidarsa da bakinsa, a kuma yarda da abin da ya karanta. A ƙarshen duk lissafin akwai wuri guda da manhaja ke cewa in sun dace a wuce, in ba su dace ba a tsaya. Mai kutse yana nemo wannan wuri ya juya shi, shi ke nan.

Akwai ma hanyar da ba sai ya wahalar da kansa da nema ba. Takardar shaida ba sirri ba ce, tana cikin kowane kwafe na manhajar ta gaske. Sai ya kwafe ta, ya dasa wata 'yar lamba da ke tare tambayar kafin ta isa PackageManager, ta miƙa wa manhajar takardar asali. Manhajar ta duba, ta ga komai daidai, ta ci gaba da aiki a hannun ɓarawo hankalinta kwance. Kayan aiki irin su apktool da Frida da Lucky Patcher kyauta suke a intanet, akwai kuma waɗanda aka ƙera musamman don kashe wannan dubawa da latsawa ɗaya. Ke nan batun cewa ɓarayi malalata ne ya yi rauni, tunda an riga an yi wa malalacin aikin.

Na biyu, tarihi ya nuna cewa hatimi kan iya zama daidai alhali kayan ciki sun lalace. A 2013 kamfanin Bluebox Security ya bayyana wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Master Key, wadda ke ba da damar sauya cikin APK ba tare da hatimi ya motsa ba. A Disambar 2017 kamfanin GuardSquare ya fallasa wata mai suna Janus, inda ake manna muguwar lamba a gaban fayil ɗin, tsohon tsarin hatimi bai gani ba. Sabon tsarin da ya zo da Android 7 a 2016 ya toshe wannan ƙofa domin yana rufe fayil ɗin gaba ɗaya, amma tsofaffin wayoyi ba sa mutuwa da wuri a kasuwarmu ta 'yan hannu, kuma da yawansu sun daɗe da daina samun gyara daga kamfanoninsu. A ƙarshen 2022 kuma aka gano cewa mabuɗan sirrin da Samsung da LG da MediaTek ke buga wa manhajojin cikin waya hatimi da su sun fita, har an buga wa miyagun manhajoji hatimi da su. Hatimi dai shaida ce ta wanda ke riƙe da mabuɗi, ko mai shi ne ko wanda ya sace.

Na uku, yawancin damfarar da ke cin mutanenmu ba ta wannan ƙofa take shigowa ba. Wanda ya zana sabuwar manhaja daga tushe ya manna mata tambarin banki bai taɓa ta gasken ba, balle dubawar da ke cikinta ta kama shi. Wanda kuma ya kira dattijo a waya ya ce, "Baba, daga banki ne, za a rufe asusunka, karanto mini lambar da aka turo maka," bai bukaci ko da jabun manhaja ba.

Na huɗu, dubawar kan juyo ta sari mai ita. Tun Agustan 2021 duk sabuwar manhajar da za ta shiga Play Store sai ta bi tsarin da Google ke riƙe mabuɗin ƙarshe ta buga hatimi da kanta. Ke nan matashin da ke aiki a ɗakinsa a Dutse yana hulɗa da takardu uku: ta gwaji da kwamfutarsa ke bugawa, ta aikawa da yake tura wa Google aikinsa da ita, da ta ƙarshe wadda ke isa wayoyin jama'a. In ya rubuta zanen yatsan ta biyu a maimakon ta uku, manhajar za ta yi aiki lafiya lau a hannunsa, ta rufe a fuskar kowane mai saukewa. Haka in ya sauya mabuɗi daga baya, ko ya kai manhajar wata kasuwa da aka buga mata wani hatimi. Mai POS da manhajarsa ta ƙi buɗewa ranar kasuwa ba zai tsaya jin bayanin zanen yatsa ba, wata zai nema.

Akwai kuma masu kallon lamarin ta fuskar 'yanci. Ba duk mai buɗe manhaja ne ɓarawo ba. Kasuwar F-Droid ta manhajojin da aka bar lambobinsu a buɗe takan gina manhaja da kanta ta buga nata hatimin. Ɗalibin da ya ga manhaja mai amfani babu Hausa a cikinta, ya buɗe ta ya fassara kalmomin don mahaifiyarsa ta iya amfani da ita, shi ma dole ya sake hatimi. Waɗanda suka rungumi GBWhatsApp ma bukata ce ta kai su: layi biyu a waya ɗaya, ajiye hoton da wani ya ɗora, ɓoye cewa suna kan layi. Sai a Oktoban 2023 WhatsApp ta gaske ta kawo damar asusu biyu a waya guda. A ganin waɗannan, manhajar da ke kulle kanta tana kulle mai gyara tare da mai ɓarna.

Hanya ta uku da nata kuɗin

Da aka tambayi masu suka mene ne madadin, sai su ce a fitar da alƙalin daga cikin waya. Abin da Play Integrity ke yi ke nan, tsarin da Google ta maye gurbin tsohon tsarinta na SafetyNet da shi. Manhaja ta nemi shaida, sashen Google da ke cikin waya ya duba sunanta da takardar shaidarta da lafiyar wayar kanta, ya rubuta sakamako a rufe. Manhajar ba ta yanke hukunci, tana miƙa sakamakon ne ga babbar kwamfutar banki ko ta kamfani, can ake buɗewa a yanke. Mai kutse ba shi da hannu a waccan kwamfuta, don haka babu layin da zai juya. Apple ma tana da irinsa mai suna App Attest tun 2020.

Babu shakka wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tsugune ba ta ƙare ba. Yana bukatar intanet, yana bukatar babbar kwamfuta da kuɗin riƙe ta, yana kuma bukatar waya mai ɗauke da kayan Google. Sababbin wayoyin Huawei sun rasa waɗannan kaya bayan takunkumin Amurka na 2019. Wayar da ta lalace aka kai ta Farm Centre a Kano ko wurin mai gyara a Dutse aka yi mata filashin da wani tsarin da ba nata na asali ba, tana iya faɗuwa wannan jarrabawa alhali mai ita bai saci komai ba. Shi dai ya gyara wayarsa ne don ba shi da kuɗin sabuwa.

Sannan kowane mataki a wannan hanya ƙarin iko ne ga kamfani guda. A Agustan 2025 Google ta sanar da cewa za ta fara bukatar duk mai rubuta manhajar Android ya tabbatar da ko shi wane ne, ya yi rajistar sunan manhajarsa da hatiminsa, ko da ba ta Play Store zai raba ta ba. Ta ce za a fara a Satumbar 2026 a Brazil da Indonesiya da Singapore da Thailand, sauran duniya daga 2027. Wannan zai cike giɓin nan na cewa Android ba ta tambayar hatimi na wane ne. F-Droid da wasu masu kare manhajoji buɗaɗɗu sun fito sun yi adawa, suna cewa an mayar da ƙofar kowa ta zama ta mutum ɗaya.

Awon hujjojin

In aka ɗora su a sikeli, masu suka sun yi gaskiya a kan abu mafi muhimmanci: duban da manhaja ke yi wa kanta ba zai taɓa zama abin da tsaron kuɗin mutane ya rataya a kansa ba. Ƙungiyar OWASP, wadda ma'auninta na tsaron manhajojin waya ya zama abin dogaro ga masu wannan sana'a, ta sa irin wannan dubawa a rukunin ƙarin kariya, ta kuma bayyana cewa ba ta maye gurbin ginin tsaro na asali. Manhajar da ta ɓoye sirrin banki a cikinta tana taƙama da cewa tana duba hatimi, ta riga ta faɗi. Iyakar kuɗin da za a tura, tabbatar da mai asusu, gane sabuwar waya, duk a babbar kwamfuta ya kamata a yanke su, a kuma ɗauka cewa duk abin da waya ta faɗa game da kanta yana iya zama ƙarya.

Amma masu goyon baya ma ba su faɗi ƙasa ba, domin masu suka suna magana ne kamar kowace manhaja tana da banki a bayanta. Mai littafin adashe ko jadawalin magani da ke aiki ba intanet ba shi da Play Integrity da zai jingina da ita. A wurinsa zaɓin tsakanin kariya mai rauni ne da rashin kariya ɗungurungum. Kuma ko da kayan kashe dubawa sun yawaita, ba kowane mai taɓa manhaja ne ke amfani da su ba.

Abin da ya fi raba mai amfani da mai cutarwa shi ne abin da manhajar ke yi bayan ta gano. Wadda ta mutu nan take ba bayani ta yi asara biyu: ta nuna wa mai kutse daidai wurin da zai nema, ta kuma bar mai waya cikin duhu yana zargin wayarsa. Mai hulɗa da babbar kwamfuta gara ta kai rahoto can a natse, a haɗa shi da sauran alamu, a rage wa wannan waya iyakar kuɗi ko a nemi ƙarin tabbaci. Wadda ba ta da intanet kuwa ta yi magana da mai ita a harshen da yake ji, ta ce masa wannan kwafe an taɓa shi, kada ya sa lambar sirrinsa, ga inda zai samu na gaske. Saƙo irin wannan da Hausa yana yin aikin da lissafin SHA-256 ba ya yi, domin yana koya wa mai caji da abokan cinikinsa cewa fayil yana da asali. Ita kuma manhajar da aka bar lambobinta a buɗe don kowa ya gyara, babu dalilin sa mata wannan takunkumi.

Sauran aikin na natsuwa ne. Mai manhaja ya ɗauko zanen yatsan daga shafinsa na Play Console, na takardar da ke isa wayoyin jama'a, ya gwada da kwafen da aka sauke daga kasuwa kafin ya saki. Ya bar wa kansa hanyar karɓar sabon hatimi in ya sauya mabuɗi. Ya wallafa zanen yatsan a fili domin mai gyaran waya da ya san aikinsa ya iya gwadawa kafin ya zuba wa mutane. Ya kuma tsare mabuɗin, kada ya zauna a filashin da ke yawo tsakanin shagunan buga takardu ko a cikin saƙon WhatsApp zuwa ga abokin aiki, domin ranar da ya fita, duk dubawar da aka rubuta za ta riƙa shaidar ɓarawo.

In jadawalin Google ya tafi yadda ta tsara, daga 2027 hatimin matashin Dutse zai kasance ɗaure da sunansa da takardun shaidarsa a rajistar kamfanin, ko ta Play Store manhajarsa ta bi ko ta Xender. Hakan zai rage jabu marasa suna, zai kuma sa wa ƙananan masu manhaja wani sabon sharaɗi kafin aikinsu ya shiga wayar maƙwabcinsu. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, wadda ɗan Haɗeja Kashifu Inuwa Abdullahi ya karɓi ragamarta a 2019, da makarantun Dutse da Kazaure da ke yaye waɗannan matasa, suna da ɗan lokaci kafin nan su shigar da riƙon mabuɗi da rajistar hatimi cikin abin da suke koyarwa, su kuma tambayi Google yadda za ta yi da ɗalibin da manhajarsa ba ta wuce makarantar unguwarsu ba.